Daga Burushi Zuwa Kyamara: Labarin Wani Ɗalibin Zane



An nemi in yi magana ne a kan yadda ɗalibin zane yake girma a cikin fanninsa. Na duba na ga idan na tsaya ina jera muku shawarwari, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, to kafin in kai ta huɗu rabinku sun fara gyangyaɗi. Saboda haka na ga ya fi kyau in ɗauko ɗalibi guda, mu bi sawunsa tun daga ranar da ya shiga ɗakin koyon zane har zuwa lokacin da hannunsa ya nuna. Sunansa Henri Cartier-Bresson, Bafaranshe ne, kuma duniya ta san shi a kan yana cikin manyan masu ɗaukar hoto na ƙarni na 20. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, burinsa na farko shi ne ya zama mai zanen fenti, kuma bai cim ma wannan buri ba a ƙuruciyarsa. Abin da nake so in nuna muku yau shi ne, idon da ya ɗauki waɗannan hotuna da ake yabo, a gaban allon zane aka hore shi, a wajen wani malami mai tsanani wanda ɗalibin ya gaji da shi har ya bar makarantarsa.

An haife shi ran 22 ga Agusta, 1908, a wani ƙaramin gari da ake kira Chanteloup, ba nisa da Paris. Gidansu gidan arziki ne, masu masana'antar zaren ɗinki, har sunan gidan yana jikin ƙwaryar zaren da matan Faransa ke saye. Shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar, don haka kowa ya ɗauka shi zai gaji mahaifinsa. Amma yana da wani baffa mai suna Louis, mai zanen fenti, wanda yakan kai shi ɗakin aikinsa tun yana ƙarami, ya shaƙi warin fenti da mai, ya ga yadda ake haɗa launi. Baffan nan ya mutu a yaƙin duniya na farko, sai dai ya riga ya shuka abin da ya shuka. Yaro ya shiga sakandare, littattafan adabi suka ɗauke masa hankali, ya faɗi jarrabawar fita. Ba ina faɗin haka don wani a cikinku ya ji daɗi ba ne. Shi yana da gidan da zai koma.

A 1927, yana da shekara 18 zuwa 19, ya shiga makarantar André Lhote a unguwar Montparnasse ta birnin Paris. A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne tushen maganar.

Lhote yana cikin masu zanen da ake kira 'yan Kubizim, watau waɗanda ke farfasa siffar abu su mai da ita kusurwoyi da shafuka, kamar yadda Picasso da Braque suka fara. Amma shi Lhote mutum ne mai son ƙa'ida ƙwarai. A ganinsa, babu zane mai kyau sai da ƙashin bayan lissafi a ƙarƙashinsa, ko an gan shi ko ba a gan shi ba. Yakan kwashi ɗalibansa zuwa gidan tarihi na Louvre su tsaya gaban ayyukan magabata, yakan kuma ɗauko kwafin wani tsohon zane ya ja layuka a kansa, ya nuna musu cewa hannun wannan mutum da ke miƙe da gefen wancan gini suna kan layi ɗaya ne, kan wannan mata kuma ya faɗo daidai inda layuka biyu suka gicciye. Akwai wani rabo da masu zane ke ji da shi tun zamanin da, wanda idan ka raba layi gida biyu, babban yanki zai ninka ƙaramin kamar sau 1.6, dukan layin kuma ya ninka babban yankin da wannan adadi. Lhote ya cusa wa ɗalibansa irin waɗannan ma'aunai har suka zame musu jiki. Daga nan ne yaron ya ƙaunaci ayyukan tsofaffin masu zanen Italiya, irin su Paolo Uccello da Piero della Francesca, waɗanda lissafi ya ratsa zanensu.

To, ku kwatanta halin da saurayi mai zafin jini yake ciki a wannan ɗaki. Da safe yana zaune yana auna tsawon hannu da faɗin kafaɗa, malami na zagayawa yana gyara masa, yana ce masa wannan wuri ya yi nauyi, wancan ya yi fayau. Da yamma kuma sai ya tafi gidan shan gahawa a dandalin Place Blanche, inda André Breton da jama'arsa ke taruwa. Waɗannan su ne 'yan Suriyalizim, masu cewa a sakar wa mafarki da katari mara, abin mamaki yana nan a kan titi ga mai idon ganinsa. Breton ya fitar da takardar manufarsu tun 1924. Yaron yakan zauna a ƙarshen tebur yana saurare, ba ya cewa uffan, don yana ganin bai isa ba. Ga malamin safe yana cewa ka auna, ga malaman yamma suna cewa ka saki jiki. Da fenti dai ya kasa haɗa waɗannan biyu. Bayan kamar shekara biyu ya bar Lhote, ya tafi Cambridge a Ingila ya yi ɗan zama yana karatun adabi daga 1928 zuwa 1929, ya dawo ya yi aikin soja na dole. Yawancin zane-zanen da ya yi a waɗannan shekaru da hannunsa ya lalata su, saboda ba su gamsar da shi ba.

Ina so ɗaliban zane da ke nan su lura da wannan wuri. Wanda ya dube shi a 1930 zai ce ga ɗan masu kuɗi da ya faɗi jarrabawa, ya bar makarantar zane ba shaida, ya yayyaga aikinsa. Ba wanda zai ce an ƙaru da komai a shekarun nan. Shi kansa bai san abin da ya ɗauko daga ɗakin Lhote ba sai daga baya. Da ya tsufa, yakan ce Lhote ne ya koya masa ɗaukar hoto ba tare da kyamara ba.

Daga nan sai ya shiga jirgin ruwa ya nufo Afirka ta Yamma, ya sauka Kwaddibuwa, wadda a lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Ya yi kusan shekara guda a can, cikin 1931, yana farauta yana sayar da nama. Ya riƙe wata 'yar ƙaramar kyamara, amma laimar ƙasar ta cinye fim ɗin, hotuna kaɗan ne suka tsira. Sai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya kama shi, irin wanda ke mai da fitsari baƙi, har ya fid da rai. Ya rubuta wa kakansa wasiƙa yana tsara yadda za a yi jana'izarsa, a binne shi a gefen wani daji a Normandy, a kuma kaɗa masa wani kiɗa na Debussy. Amsar da ta zo daga gida ita ce, kaka yana ganin wannan zai yi tsada, gara ya dawo tukuna. Ya kuwa warke ya dawo. Abin da ya samu a wannan tafiya halin maharbi ne: sanɗa, da haƙurin kwanton ɓauna, da sanin cewa harbi ɗaya gare ka, in ka kuskure nama ya tafi.

Yana jinya a Faransa sai ya ci karo da wani hoto a mujalla, na wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Hangari mai suna Martin Munkácsi. Yara uku ne baƙaƙe, an ɗauke su ta baya, suna sheƙawa da gudu cikin igiyar ruwa, kuma an san hoton da sunan Tafkin Tanganyika. Jikunan yaran uku da farin kumfan ruwa sun tsaru kamar wanda ya zauna ya auna su da ma'auni, alhali kuwa abin ya faru ne cikin ƙiftawar ido. A nan ne saurayin ya ga abin da ya gagare shi da burushi. Ashe ana iya samun lissafin Lhote da katarin Breton a wuri guda, in dai kayan aikin yana da sauri. Bari in ɗan ratse in ce, har yau ba a ambatar sunayen yaran nan uku, ko da yake gudunsu ne ya juya tarihin ɗaukar hoto a Turai. Haka abin yake a yawancin hotunan da Turawa suka ɗauka a nahiyar nan a wancan zamani.

A 1932 ya sayi kyamara ƙirar Leica a birnin Marseille. Tun da yawancinku da waya kuka saba ɗaukar hoto, ya kamata in bayyana irin wannan na'ura da yadda fim yake aiki, in ba haka ba ba za ku ga wahalar abin ba.

Kafin Leica, kyamarar ƙwararru akwati ce babba, sau da yawa a kan ƙafafu uku, mai ɗauka ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Wani injiniya Bajamushe, Oskar Barnack, na kamfanin Leitz a garin Wetzlar, shi ya ƙera ƙaramar kyamara mai amfani da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, aka fara sayar da ita a 1925. Kowane hoto yana cin fili milimita 24 a 36 a jikin fim, naɗi ɗaya kuma yana ɗaukar hoto 36. Shi fim wani siririn leda ne da aka shafe da wani irin danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan ka danna, ƙyauren kyamara ya buɗe na ɗan lokaci, a ce kashi ɗaya cikin 125 na sakan, haske ya shigo ta gilashi ya taɓa ƙwayoyin nan ya sauya su, amma sauyin ba ya ganuwa. Sai an shiga ɗaki mai duhu ƙirin an fitar da fim, an tsoma shi a ruwan magani na farko wanda ke mai da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa, sa'an nan a tsoma shi a wani ruwan da zai wanke sauran da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da baƙi. Abin da zai fito shi ne nagatif, inda fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Daga nan a haska nagatif a kan takarda mai irin wannan shafe, a ƙarƙashin jar fitila, a sake wankewa, sa'an nan hoto ya bayyana.

Ma'anar wannan duka ita ce, mai ɗauka ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan kwanaki, wani lokaci makonni. Ba gogewa, ba dubawa a sake. Leica ta wancan lokaci ba ta da ma'aunin haske, da ido za ka kimanta ƙarfin rana ka daidaita faɗin ƙofar gilashi. Saboda haka duk hukuncin da mai zane ke yankewa cikin mako guda a gaban allonsa, ina za a sa wannan, me za a bari a waje, ina nauyi zai faɗa, shi mai kyamara dole ya yanke shi kafin ya danna. Wanda bai riga ya hore idonsa ba, to a wannan ɗan lokaci ba abin da zai cece shi.

Mu duba hotuna biyu da ya ɗauka a shekarar nan ta 1932, yana ɗan shekara 23 zuwa 24. Na farko a garin Hyères ne, a kudancin Faransa. Yana tsaye a saman wata matattakala ta dutse mai dogarin ƙarfe, tana murɗawa tana gangarawa zuwa titi, titin kuma ya lanƙwasa. A cikin ɗan filin da ya rage a sama ta hagu, sai ga mai keke yana wucewa da gudu, har siffarsa ta ɗan dushe. Ku cire mai keken, abin da ya rage zanen Kubizim ne sak, layuka da kusurwoyi, aikin ɗalibin Lhote. Mai keken kuwa shi ne abin da titi ya kawo. Ɗalibin zane ne ya ga wurin ya tsara shi, maharbi kuma ya tsaya ya jira.

Na biyu shi ne wanda ya fi shahara, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris. Ana gyare-gyare a wurin, ruwa ya kwanta, an yar da tsani a cikinsa. Wani mutum ya taka tsanin ya yi tsalle, aka kama shi a sama, diddigensa saura ƙiris ya taɓa ruwa, inuwarsa kuma tana ƙasa tana jiransa. A bango can baya akwai takardar talla mai hoton wata mai rawa, ita ma ta yi tsalle, amma ta fuskanci ɗaya ɓangaren. Shi da bakinsa ya faɗi cewa ta tsakanin katakan shinge ya zura gilashin kyamarar, katako ya tare ramin da ake leƙawa, bai ma ga mutumin sosai ba, ya ce sa'a ce. Har sai da aka yanke gefen hagu na hoton saboda duhun katakon, abin da ba ya yarda a yi wa hotunansa in ba nadiran ba. Na yarda akwai sa'a. Amma mutane nawa suka wuce ta gefen shingen nan a ranar, ba wanda ya ga akwai abin tsayawa a kai? Sanin cewa wannan kududdufi da wannan tsani da wancan bango sun riga sun zama hoto, saura kawai wani ya shigo, wannan ba sa'a ce ta ba shi ba.

Daga nan abu ya buɗe. Ya zaga Italiya da Sifen a 1933, ya ɗauki yara suna wasa a cikin kango a Seville, aka nuna hotunansa a New York a ɗakin nuni na Julien Levy a wannan shekara. Ya tafi Meziko a 1934, ya kuma yi aikin mataimaki a wajen mai shirya finafinai Jean Renoir daga 1936. Ɗabi'unsa na aiki sun kafu tun a lokacin: gilashi guda mai milimita 50 kusan kullum, ba ya amfani da filasha, yakan rufe ƙyalƙyalin kyamarar da baƙin tef don kada a lura da shi. Ba ya son zaman ɗakin wanki, wasu ke wanke masa, sai dai ya hana su rage ko ɗan gefe, har akan bar baƙin layin bakin nagatif ya fito a takarda don shaida. Abokan aikinsa sun ba da labarin yadda yakan juya hoto ƙasa a sama in zai duba shi. Wannan tsohuwar dabarar masu zane ce, domin in ka kifar da hoto, labarin da ke ciki ya daina ruɗinka, sai tsarin kaɗai ya rage.

Sauran tarihinsa zan taƙaita, don ya wuce zamanin ɗalibta. Jamusawa sun kama shi a 1940, ya tsere a 1943 a yunƙuri na uku. A 1947 shi da Robert Capa da David Seymour da George Rodger suka kafa ƙungiyar Magnum. Ya ɗauki hoton Gandhi jim kaɗan kafin a kashe shi ran 30 ga Janairu, 1948, ya kuma ɗauki jana'izarsa. Babban littafin hotunansa ya fito a 1952, kuma Matisse, mai zanen fenti, shi ya yi masa bango.

Na san akwai mai cewa a ransa, ai wannan ɗan gata ne, wanda zai iya yawon duniya ba ya tunanin abin da zai ci. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne, gata ya saya masa lokaci. Amma don kada a ɗauka hanyar ta masu kuɗi ce kaɗai, ga wani misali daga maƙwabtanmu na Mali. Malick Sidibé ɗan ƙauyen Soloba ne, ya yi kiwo yana yaro, iya zanensa ne ya sa aka lura da shi har ya sami shiga makarantar koyon sana'o'in hannu ta Bamako a 1952. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya ɗauke shi don ya ƙawata masa shago da zane, daga nan ya zama yaron shago, ya sayi kyamararsa ta farko a 1956. Hotunan da ya ɗauka na samarin Bamako da 'yammata a wuraren rawa bayan samun 'yanci su suka kai shi ga lambar Zakin Zinariya a bikin fasaha na Venice a 2007. Shi ma ta ƙofar fensir ya shigo. Ya rasu a 2016.

Ga waɗanda ke ɗaukar darasin zane yanzu suna jin ya ishe su, suna ganin awa uku a gaban tulu da ƙwarya ɓata lokaci ne tun da waya za ta ɗauke su cikin sakan guda, ina roƙonku ku gwada abu ɗaya a makon nan. Ku ɗauki wayar, ku ƙayyade wa kanku hoto 36, kada ku duba ko ɗaya sai gobe, kada kuma ku yanke gefen ko ɗaya. Sa'an nan ku juya su ƙasa a sama ku ga nawa ne suka tsaya da ƙafafunsu. Wanda ya sami biyu ya yi ƙoƙari.

Shi kuwa Cartier-Bresson, a farkon shekarun 1970, yana da shekara sittin da 'yan kai, duniya na yi masa kallon sarkin masu hoto, sai ya rage ɗaukar hoto ƙwarai ya koma ga fensir da takarda. Yakan je gidan tarihin halittu na Paris ya zauna yana zana ƙasusuwan dabbobi, ko ya zana lambun Tuileries daga tagar gidansa. An nuna zane-zanensa karo na farko a New York a 1975. A nawa ganin ba su kama ƙafar hotunansa ba, kuma ba na jin wani zai tuna da shi saboda su. Amma ya ci gaba da yin su kusan shekara talatin, yana gogewa yana sakewa kamar ɗan aji ɗaya, har ya rasu ran 3 ga Agusta, 2004, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 96.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Na zo da kwafin hotunan nan biyu, na Hyères da na Saint-Lazare, za a zaga da su yanzu, duk mai tambaya kuma ina saurare.